Take Bakwai a Cikin Turmi

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Gure lafiya, ke da maigidanki da ƴar jikata. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon ruwa, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Innarki na gaishe ki.

Kin san ban yi lakwal ba, ban san karatun boko ba. Idi Tela ne ke rubuta maki wannan, yana zaune bakin kekensa, ni ina bisa tabarma. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, har wurin da na zage shi kada ya tsallake. Ranar da na raka ku tashar Ƙonni ban ce maki komi ba sai Allah Ya kiyaye, mota ta tashi ta bar ni da maganata a baki. To ga ta.

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da babban farin nan, shekarar da anka rufe iyaka, shanu sunka riƙa faɗuwa a bakin rijiya. Kina ƴar shekara tara, ba komi za ki tuna ba. A shekarar gida bakwai sunka kwashe daga garinmu na bisa dutsi. Wasu sun bi ta daji sun shiga Nijeriya, wasu sun yi kudu da nisa, sunka bar mana kangaye da rumbuna baki buɗe.

Tun da maigidanki ne zai karanta maki, shi kuma ɗan birni ne, bari in yi masa bayani. Malam, a garinmu kowane gida yana da takensa a ganga. Ba irin na makaɗan birni ba ne mai kirari. Namu ba shi da magana ko ɗaya, hannu ne kawai. Ranar gayya, in maza sun jeru a gona da galma, makaɗi yana bin bayansu yana kaɗa taken gidaje ɗaya bayan ɗaya, bisa yadda kakanni sunka hau dutsen nan sunka zauna. Wanda anka kaɗa nasa sai ya fita daga layi, ya cilla galma sama ya cafe, ya taka rawarsa, ya ja kunya har ƙarshen gona. Wanda ba a kaɗa wa ba, baƙo ne, ko da nan anka binne cibiyarsa. Taken nan gaba ɗaya a hannun gidanmu suke tun kakan kakana, ni ne na ƙarshe da ya gaje su, kuma Allah bai bar mani ɗa namiji ba.

Shekara biyu bayan fari ruwa ya dawo. Idi ya tara samarin gari sunka kafa rumfa gefen kasuwa, wai duk mai wata sana'ar gargajiya ya zo ya koyar ranar da ba a zuwa gona. Masassaƙi ya zo, mai saƙar tabarma ya zo. Idi ya same ni har gida, ya durƙusa ya ce, “Baba Arzika, saura kai.”

Na ce, “Saura ni a mi?”

Ya ce, “Kiɗan noma. Yaran ga ba su san komi ba sai abin da rediyo ta ba su.”

Na ce, “Kai ɗan wa ne da za ka taɓa gangata? Ubanka jaki yake kora zuwa Malbaza. Tashi ka koma ga wandunanka.”

Yanzu ma da na maimaita sai da ya aje alƙalami yana dariya. A lokacin bai yi dariya ba, ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Shekara guda cur na yi ina wucewa ta gaban rumfar nan kaina a ɗage. Ina jin su suna bugun tukunyar ƙarfe da bakin galma, suna wata tsalle-tsalle wai rawa. A raina ina cewa kiɗa jini ne, wanda ba a haifa cikinsa ba ba ya iyawa. Ban tambayi kaina ba, to in na mutu wa ya rage cikin jinin?

Abin da ya kai ni rumfar ba hankali ba ne, haushi ne. Wata rana na ji suna kwaikwayon taken gidan liman, sun karya shi ta tsakiya kamar an taka kara. Na kutsa na fizge gula daga hannun mai bugawa, na ce, “In za ku ɓata, ku ɓata abin ubanku!” Na kaɗa masu sau ɗaya don su ji kunya. Ba su ji kunya ba, sai sunka zauna ƙasa sunka ce in ƙara. Rana ta faɗi ina can.

Uwani, wannan ne kuskurena na fari. Abin da kinka iya, ko saƙar faifai ce ko haɗin fura irin ta innarki, in wata ta ce ki koya mata a can Gure, kada ki tambayi ɗiyar wa ce. Koya mata. Shekarar da na yi ina ɗaga kai ba wanda na cuta sai kaina.

Na shiga rumfar da ƙarfina. Na kai su daji munka zaɓi danya mai kauri, na nuna masu yadda ake rarake ta da gizago har ka ƙwanƙwasa ta amsa. Na koya masu kankare fatar akuya da toka, da ɗaure ta tana ɗanya, da ɗora tsarkiya yadda ganga za ta yi kuka. Da na ga kiɗansu a zaune ya yi gaggawa, sai na kore su daga inuwa na kai su gona, na ce kowa ya yi noma kunya goma kafin ya rataya ganga, don wanda bai san nauyin galma ba ba ya yi wa mai galma kiɗa. Sun yi gunaguni, amma sun iya. Cikin damina uku samari goma sha ɗaya sunka riƙe taken garin nan.

Sai dai ba duka na ba su ba. A al'adarmu ba a ɗora gula kan ganga don gidan da ya zama kango, ana cewa kamar kiran matattu ne. Idi ya taɓa ce mani, “Baba, na gidajen nan bakwai hwa? Ka koya muna ko a ɓoye.”

Na ce, “Ba a yi.”

Ya ce, “In ka manta hwa?”

Na ce, “Ni? Ni da ke iya lissafa maka kakannin garin ga har wanda ya haƙa rijiyar farko? Kai dai allurarka kake mantawa.”

Haka kuma na hana mata kusantar wurin kiɗa. Suna da nasu gefe a rumfar inda suke zanen ƙwarya, na sa anka gitta zana tsakaninmu.

Shekara takwas bayan fari, farkon damina, sai ga wani saurayi da matarsa da ƙunshin kaya sun sauka a kangon gidan Jari. Nomau ne, ɗan Jari, wanda ya bar garin nan kafin ya isa shiga layin gayya. Ubansa ya rasu can wajen Gusau, ya bar masa wasiyya ya koma gonar kakanni. Gari ya yi murna, anka sa masa ranar gayya don a tayar masa da gonar da ta zama saura.

Kin je ranar, ke kinka kai fura, amma daga nesa kuke. Gidan Jari shi ne na huɗu a hawan dutse. Na kaɗa na fari, na biyu, na uku, kowa ya fita ya taka. Nomau ya gyara tsayuwa a gurbin ubansa, ya tofa miyau a tafi, ya riƙe galma, ya waigo yana kallona yana murmushi. Na ɗaga gula. Uwani, babu komi. Hannuna ya tsaya a sama kamar ba nawa ba. Shekara takwas ban kaɗa ba, ya tafi.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai girman kai ya ce mani yaro ne, bai san nasu ba, kaɗa masa ko mi. Na haɗa wani abu nan take na buga. Nomau ya cilla galma sama. Kafin ya cafe, tsoho Ɓaidu, wanda shi da Jari sunka yi ƙuruciya tare, ya daka tsawa daga gindin gawo, “Arzika! Wanga ba na gidan Jari ba ne! Wa kake yi wa ƙarya, shi ko mu?”

Galma ta faɗi ƙasa. Na ce, “To kaɗa muna, tun da ka sani.”

Ya ce, “In na ji shi ina gane shi. Riƙonsa aikinka ne, don shi muke ba ka dame kowace kaka.”

Haka abin yake, kowa nasa yake saurare. Nomau ya duƙa ya ɗauki galmarsa, ya koma can ƙarshen layi inda baƙi ke tsayawa, ya yi noma a gonar ubansa ba kiɗa. Da la'asar na ji yana ce wa matarsa in an yi girbi za su koma inda sunka fito.

Abu biyu zan gaya maki a nan. Abin da kike ganin ya zauna a kanki daram, in ba kya taɓa shi zai tafi ba sallama, har sunayen danginki. Ki riƙa faɗa wa ɗiyarki su, na nan da waɗanda sunka yi nisa. Na biyun ya fi nauyi. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ban sani ba. Da mantuwa ce kaɗai, da garin nan ya yafe mani a ranar. Ƙaryar ce ta sa na yi kwana tara ban fita masallaci ba.

Rana ta goma da hantsi ina kwance a rumfar tsakar gida, innarki ta aje taɓarya ta tsaya a kaina. Ta ce, “Malam, kwanciyar ga ta isa. Ka tahi Tsarnawa wurin Tamo.”

Na ce, “Wace Tamo?”

Ta ce, “Ƙanwar Jari, wadda anka kai aure can.”

Na ce, “In yi mata mi? Ganga take kaɗawa?”

Ta ce, “Shekara talatin ina daka a bayan kunnenka. Mi kake ji?”

Na ce, “Daka.”

Ta ce, “To tashi zaune ka ji da kyau.”

Ta kira maƙwabciyarmu sunka kama lugude, wannan ta buga cikin turmi, wannan ta buga gefensa, su cilla taɓarya su tafa. Ban kai ga zama daidai ba na gane shi. Taken gidan ubanta ne, sak, ba abin da ya ɓace. Ashe duk ɗiyar da za a kai aure, ranar dakan ƙarshe gwaggwanninta suna yi mata luguden gidan ubanta har ta riƙe, ta tafi da shi. Da shi take daka ranar sunan ƴaƴanta, da ranar da kewar gida ta kama ta. Kowace mace a garin nan ta san haka. Ni da ake ba dame don in riƙe take, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na ce, “Don mi ba ki taɓa gaya mani ba?”

Ta ce, “Ta bisa zana zan gaya maka?”

Washegari na hau amalanken masu kai wake na sauka Tsarnawa. Na iske Tamo ta tsufa amma da ƙarfinta. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, “Arzika Maiganga da kansa! Kai da ka taɓa ce muna mu rage hayaniya kana gyaran tsarkiya?” Na ce ni ne. Ta ce to sai ta gama dariyarta. Na jira. Sa'annan ta kira surukarta, ta zuba hatsi a turmi, ta ce in zauna ƙasa. Bugu uku masu nauyi, biyu a gefe, sai ɗan shiru kamar mai jan numfashi, sai ɗaya. Kafin ta zagayo na uku hannuna ya riga ya kama a bisa gwiwa. Na yi kuka a gaban matan mutane, ban ɓoye maki ba.

Da na dawo ban shiga gida ba sai da na biya rumfa na tumɓuke zanar nan da hannuna. Na sami Nomau a gona na ce masa, “Ɗana, na yi maka ƙarya gaban jama'a, ka yafe mani. Ka ba ni damina ɗaya.” Ya ce, “Ɗaya, Baba.”

Saura maganar kangaye shida. Dattawa sunka ce ko na samo takensu ba a kaɗa su. Na ce masu al'ada gula ta hana. Wa ya taɓa jin an hana tafin hannu? Sunka ce wannan wayo ne. Na ce wayo ne, ku kawo wanda ya fi shi. Ba su kawo ba. Tun daga ranar, duk zaman rumfa, kafin a tashi, samari suna aje gula su kaɗa taken waɗanda ba su nan da tafi, duk wanda na samo, a hankali, mata na amsa masu da turmi.

Damina ta zagayo munka sake yi wa Nomau gayya. Wannan kam kin gani da idonki, amma bari in faɗa, don daɗin faɗarsa nake ji. Ganga goma sha biyu a bayan layi, sha ɗaya daga cikinsu samarin rumfa ne sunka sassaƙa da hannunsu. Turmi huɗu a gindin gawo, Tamo a tsakiya, an ɗauko ta daga Tsarnawa. Munka wuce na fari, na biyu, na uku. Na ɗaga gula na yi wa mata alama su fara. Sunka buga uku masu nauyi, mu kuma munka faɗa kai gaba ɗaya, har dutse yana maido mana da amo. Ɓaidu ya yar da sandarsa ya miƙe yana ihu, “Shi ne! Wallahi shi ne! Jari ya dawo!” Nomau ya cilla galma har sai da na ɗaga kai ina nemanta, ya cafe, ya taka, ya ja kunya bai tsaya ba sai bakin iyakar gona. Bana ya gina rumbu na biyu, ɗansa kuma sunan Jari ya ci.

Malam, wannan taka ce, tun da kai ke riƙe da takarda. Ka yi karatu mai yawa, ana ce maka malamin lakwal, na gode Allah. Amma in ɗiyata ta buɗe baki a cikin gida ka saurara. Ke ma, Uwani, kada ki jira shekara talatin kamar innarki. Abin da kinka sani ki faɗa, ko ta bisa zana.

Akwai abin da ban taɓa gaya maki ba. Makaɗi ba ya kaɗa wa kansa take, don ba ya shiga layi. Na gidanmu sau biyu na ji shi a hannun babana, shi ma ya ɓace mani kamar sauran. Ban sake jin sa ba sai ranar dakan aurenki, da gwaggonki ta zo daga Alela ta yi maki. Ina zaure tare da baƙi na tashi na bar su. Samarin rumfa sun riƙe shi yanzu, amma naki ne kafin nasu. An ce matan Gure dakansu daban ne. Ki koyi nasu, kada ki raina, ki kuma yi masu namu. In ƴar jikata ta isa ɗaga taɓarya ki fara mata da shi.

Cikin shekara biyun nan na bi ƴaƴa mata na gidajen da sunka tashi, ƙauye ƙauye. Wata ta sa na yi mata sussuka kafin ta yarda, na yi. Da na Jari, shida sun dawo hannu. Saura ɗaya, na gidan Tankari, su da ba a san inda ɗiyansu sunka yi aure ba. Watan jiya kuma jikan Tankari ya aiko daga Nijeriya cewa ruwan farko in ya sauka yana nan tafe da iyalinsa. Ba zan sake tsayawa bayan wani da gula a sama ba.

Ranar kasuwar nan da ta wuce wani mai sayar da kanwa ya gaya wa Idi akwai wata tsohuwa a Tajaye, Hajo, wadda ke cewa ita ɗiyar Tankari ce daga bisa dutsi. Ya ce idonta ya tafi, kuma tun sanyin bana ba ta tashi daga shimfiɗa ba. Idi ya ce in bari sai bayan salla gwiwata ta huce. Na ce masa ya rubuta abin da anka sa shi.

Allah Ya yi maki albarka, ɗiyata. Ya ba ku zaman lafiya da lafiyar jiki, Ya raya abin da kunka haifa, Ya kare ku a zaune da a tafe, Ya sa mu gana da alheri. Ki gaida maigidanki, ki shafa mani kan yarinya.

Gobe in Allah Ya kai mu, da na sallame asuba zan ɗaura wa jaki amalanke, in ɗora ganga da ƙaramin turmi da damen hatsi ɗaya, in ɗauki innarki mu kama hanyar Tajaye. In Hajo ba ta iya ɗaga taɓarya, innarki za ta daka, ita ta riƙa gyara mata daga kwance. Ni kuma in zauna ƙasa bakin ƙofa, in rufe bakina, har sai ta ce ya yi.

Mahaifinki,
Arzika Maiganga